Ka Karanta, Amma Ka Bar Sunan a Nan

Shekarun baya, lokacin da nake bin diddigin yadda aka riƙa rabon gonaki da gado a wata gunduma, na shafe makonni ina zirga-zirga a wani ɗakin adana tsofaffin takardun gwamnati. Duk wanda ya taɓa shiga irin wurin ya san warinsa, irin na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Akan kawo maka littafin kotun alƙali ɗaure da igiya, gara ta ci bangonsa ta gefe guda, takardun sun yi ja sun bushe har kana tsoron juya su da ƙarfi. Rubutun Larabci ne da tawadar gargajiya, nan da can kuma wani Bature ya sa hannu da jan fensir, alamar ya duba.

Ina neman shari'ar gona sai idona ya faɗa kan wata ta daban. Wata mata ce ta kai ƙarar mijinta tana neman a raba auren. Muhuti ya rubuta sunanta, da sunan ubanta, da unguwarsu, da dalilin da ta faɗa a gaban alƙali, irin dalilin da mace ba ta furtawa sai tura ta kai bango. Shi kuma mijin ya rama da abin da ya fi nata zafi. Ya taɓo asalinta, ya ce uwarta baiwa ce da aka fanso, sannan ya jefa shakka a kan ɗan da take goyo. Ba abin da muhuti ya tsallake. Na karanta sunan unguwar sau biyu, na koma kan sunan uban, sai jikina ya yi sanyi. Na san gidan. Wannan jaririn da aka yi wa ƙazafi yana zanin goyo, ɗansa na cikinsa mutum ne mai shago da muka sha haɗuwa a sahu ɗaya, kuma a lokacin yana da 'yan mata biyu da suka isa aure.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya lura na daɗe a shafi ɗaya. Ya zo ya tsaya a kaina, ya leƙa, ya dubi fuskata, ya ce, "Malam, ka karanta, amma ka bar sunan a nan."

Na ce, "To, Baba." A kundina na rubuta "wata mata" kawai.

Tun daga ranar nake goyon bayan a riƙa taƙaita wa jama'a damar ganin bayanan sirrin mutane da ke cikin tsofaffin takardun hukuma. Na san yadda wannan magana za ta faɗi a kunnen ɗan Najeriya. Mun saba da ma'aikatar da ko jerin sunayen waɗanda aka ba kwangilar gyaran magudanar ruwa ka nema, sai a ce maka sirrin gwamnati ne. Wanda ya sha wannan ba laifi ba ne in ya ji kalmar "rufewa" ya ɗaure fuska. Amma a cikin kowane fayil akwai mutum biyu, wanda ya rubuta da wanda aka rubuta. Wanda ya rubuta hukuma ce, da albashinta da 'yan dokanta, kuma aikinta ya kamata kowa ya gani. Wanda aka rubuta, sau da yawa, talaka ne da ya zo a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsa. Shi nake nema wa rufin asiri.

Mu tambayi kanmu ta yaya ma gwamnati ta sami waɗannan bayanai. Matar nan ba don ta bar tarihi ta je gaban alƙali ba, ƙofa ce ɗaya tak da za ta fita daga auren da ya zame mata ƙunci. Mutumin da ya ga fari ya fito masa a fata a shekarun 1930, aka kai shi Yadakunya a Kano, ko Amanawa a Sakkwato, ko Babbar Ruga a Katsina, ba wanda ya nemi izininsa kafin a rubuta sunansa da ƙauyensu a littafin kutare. Sunan Yadakunya kansa ya isa ya nuna abin da mai cutar ke ɗauke da shi kafin ya iso ƙofar. Haka wanda aka ɗaure wata uku a gidan yarin En'e saboda ya kasa biyan haraji, haka yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta ba da shaida, haka malamin makarantar da shugabansa ya rubuta a fayil ɗinsa cewa ana zargin yana da taɓin hankali. Duk waɗannan sun ba da sirrinsu ne bisa tilas, ko bisa buƙatar da ta yi kama da tilas. A wurinmu abin da aka karɓa ta wannan hanya sunansa ajiya, kuma daɗewar ajiya a hannunka ba ta mayar da ita taka. Mai ajiyar ya mutu, magadansa suna nan.

Batun bauta shi ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne muke yawan yi wa kanmu ƙarya cewa abu ya wuce. Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke hannun iyayengiji a lokacin ba. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. A tsakanin waɗannan shekaru, dubban bayi sun bi ta kotunan alƙalai suna fansar kansu, ko wani ya fanshe su, mata da yawa kuma wanda zai aure su ne ya biya. Turawa masu son lissafi ne, don haka aka riƙa rubuta suna, da shekaru, da ƙabila, da kuɗin fansa, ana aika wa Razdan. Irin waɗannan takardu suna cikin abin da masana suka yi amfani da shi a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma da su aka gane yadda bauta ta mutu a hankali a ƙasar Hausa. Taska ce ta ilimi, ba na musu.

Amma duk wanda ya taɓa shiga neman aure ya san abin da ake kira binciken asali. Ya san akwai gidajen da har gobe, in aka raɗa musu cewa kakar yarinya baiwa ce, ko kakan yaro bacucane ne, sai kawai a ji an ce an yi istihara abin bai yi ba. Ba za a faɗi dalili ba. A Nijar sai a 2003 aka mayar da bauta laifin da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya 'yar shekara 12. Wannan jiya-jiya ne. A wurin da kalma ɗaya ke iya rushe auren da aka sa wa rana, shafi ɗaya mai ɗauke da suna da hatimin kotu makami ne a hannun kishiya, ko abokin takara, ko maƙwabcin da aka yi rigimar iyakar fili da shi.

Sannan akwai wani abin da mutane ke mantawa: kasancewar magana a cikin fayil ba ya nufin gaskiya ce. Mutanenmu suna girmama rubutu, in aka ce "ai a rubuce yake" sai gardama ta ƙare. Alhali abin da ke shafin nan da na karanta maganar miji ce cikin fushi, yana neman hanyar da ba zai yi asarar sadakinsa ba. Wani fayil ɗin kuma abin da mai unguwa ya faɗa wa hakimi ne, hakimi ya faɗa wa tafinta, tafinta ya juya wa Di'o yadda ya ga dama, Di'o ya rubuta yadda ya fahimta. Rahoton ɗan sandan ciki a kan 'yan NEPU a shekarun 1950 cike yake da abin da masu kai gulma suka kawo, wasu don neman shiga, wasu don ramuwar gayya. Wanda aka yi wa ƙaryar bai ma san an rubuta ba, balle ya kare kansa, yanzu kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane ita ce ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, kuma ina ganin hikimar ambaton matacce ita ce ba ya iya ɗaga hannu ya kare jikinsa.

Mutanen Holan sun ci karo da wannan ba da daɗewa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu sun binciki mutane kimanin 425,000 bisa zargin haɗa kai da 'yan Nazi, kuma da yawa daga cikinsu ba a taɓa samun su da laifi ba. Wasu maƙwabci ne ya kai sunansu. An shirya zuba fayilolin gaba ɗaya a intanet a farkon 2025, sai hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa akwai sirrin mutanen da ke raye a ciki. Aka ja da baya, aka saki jerin sunaye kawai, wanda ke son karanta fayil kuma sai ya nemi izini ya je ma'adanar ƙasa a birnin Hague. Ko jerin sunayen ma ya tayar da hankali, domin mutum na iya ganin sunan kakansa ba tare da sanin hukunta shi aka yi ko wanke shi ba. Wannan fa bayan shekara 80 ke nan, a ƙasar da ba a binciken asali kafin aure.

Abin da ya sauya lissafin duka shi ne wayar hannu. A da, nisa da ƙura da wahala su ne ke gadin waɗannan takardu. Sai ka shiga mota ka je Kaduna ko Ibadan ko Inugu, ka cike takarda, ka zauna kwanaki, ka kuma iya karanta rubutun muhutai. Wanda ya jure wa wannan yawanci mai neman ilimi ne. Yau ɗalibi ɗaya na iya ɗaukar hoton shafi ɗari kafin azahar, kafin la'asar ɗaya daga ciki ya shiga WhatsApp na unguwa, wani ya zagaye suna da jan layi, wani ya ɗora a Facebook. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, don shi ba ya tsufa kuma ba ya ɓata. Da ƙaruwar mayar da tsofaffin takardu cikin kwamfuta, wanda aiki ne mai kyau da nake fatan a hanzarta kafin gara ta gama da su, za a kai lokacin da rubuta sunan gida kawai zai fito maka da duk abin da hukuma ta taɓa rubutawa a kan zuriyarsa.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya a kan takardun zamanin Turawa. Fayilolin da suka fi ba ni tsoro yanzu ake rubuta su. Matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram, wasu da ciki, wasu da goyo, an ɗauki bayanansu a sansanonin gudun hijira da asibitoci da ofisoshin jami'an tsaro. An rubuta wanda ya aure su a daji, da abin da aka yi musu, da sakamakon gwajin jininsu. Yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga su ma an rubuta. Dokar ma'adanar ƙasa ta 1992 ta sa shekara 25 a matsayin lokacin da takardun gwamnati ke buɗuwa ga jama'a. Yarinyar da aka haifa a dajin Sambisa a 2015 za ta cika shekara 25 a 2040. Wataƙila a lokacin tana koyarwa a wata makaranta a Maiduguri ko Kano, wataƙila an kawo kuɗin gaisuwarta, wataƙila ma uwarta ba ta taɓa faɗa mata waye ubanta ba. Wa ke da haƙƙin ya faɗa mata? Ni dai na tabbata ba baƙon da ya tsinci fayil ba ne.

Akwai kuma amfanin da ya shafi kowa. In mutane suka san abin da suka faɗa wa hukuma zai fito fili wata rana suna raye, za su daina faɗar gaskiya. Mai ciwon da ake ƙyama zai ƙi zuwa asibiti, wadda aka zalunta za ta haɗiye, mai shaida zai ce bai ga komai ba. Saboda haka ne Amurka ke rufe takardun ƙidayar jama'a masu ɗauke da sunaye har shekara 72, sai a Afrilun 2022 aka buɗe na ƙidayar 1950. Ingila kuwa shekara 100 take jira, na 1921 sai a Janairun 2022 suka fito. Alƙaluman suna fita nan take, sunaye ne ke jira.

Yanzu bari in zo ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina, domin ba ƙaramar hujja ba ce. Gwamnatoci sun iya fakewa da guzuma su harbi karsana. Da sunan kare sirri ko tsaron ƙasa suke binne laifinsu. Lokacin da Birtaniya ke barin ƙasashen da ta mallaka, ta ƙona takardu da yawa, ta kwashe wasu zuwa Ingila ta ɓoye, daga baya aka tara su a wani gini da ake kira Hanslope Park. Shekaru da dama ana cewa babu su. Sai da wasu tsofaffin Kenya da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau suka kai ƙara Landan, sannan a 2011 aka amsa cewa akwai fayiloli kusan 8,800 daga ƙasashe 37, har da Najeriya. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228. Da an ci gaba da rufewa, da tsofaffin nan sun mutu ana ce musu maƙaryata. A gida kuma, kwamitin Mai shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005. Wanda ya rasa uba ko ɗa a hannun hukuma, in ya ji ni ina maganar rufewa, yana da ikon ya yi fushi da ni.

Amsata gare shi ita ce, Alƙur'anin da ya hana bin diddigin asiri shi ne ya ce a ƙarshen Baƙara kada a ɓoye shaida. Dukansu biyu suna kanmu, kuma an taɓa samun ƙasar da ta ɗauke su tare a kan tarin takardun da ya fi namu muni nesa ba kusa ba.

Tsohuwar Jamus ta Gabas, ƙasa mai mutum miliyan 16, a zamaninta tana da hukumar leƙen asiri da ake kira Stasi. Kafin rushewarta tana da ma'aikata kimanin 91,000, ga kuma masu kai rahoto a ɓoye sama da 170,000: abokin aiki, likita, limamin coci, wani lokaci har miji. Sun buɗe wasiƙun mutane, sun saurari wayoyinsu, sun rubuta wa ke shan giya, wa ke neman matar wani, wa ya zagi shugaba a ɗakin kwanansa. In aka jera takardun, tsawonsu ya kai kilomita 111. Da mulkin ya fara tangal-tangal sai ma'aikatan suka shiga yayyaga su, jama'a kuwa suka mamaye ofisoshin don su hana, har hedikwatar da ke Balin ranar 15 ga Janairun 1990. Daga nan aka shiga muhawara mai zafi. Wasu suka ce a ƙona duka don a zauna lafiya, wasu suka ce a baje kowa ya gani.

Dokar da aka yi a Disamban 1991 ba ta bi ko ɗaya ba. Ta ce wanda aka yi wa leƙen asiri shi ke da haƙƙin ganin fayil ɗinsa, kuma yana da haƙƙin sanin ainihin sunan wanda ya kai rahotonsa. Amma kafin a miƙa masa, ma'aikaci zai bi shafi-shafi ya shafe da baƙi duk sirrin wani mutum na uku da ya faɗo a ciki, kamar maƙwabciyar da aka ambaci cikin da ta zubar, ko abokin da aka ambaci bashinsa. Masu bincike da 'yan jarida suna iya ganin yadda hukumar ta yi aiki da sunayen jami'anta, amma sirrin waɗanda aka zalunta sai da yardarsu ko a shafe sunan. Daga Janairun 1992 zuwa yau an shigar da buƙatu sama da miliyan 3 na neman ganin fayil. Wata 'yar gwagwarmaya da ta zama 'yar majalisa ta buɗe nata ta tarar mijinta ne ya shafe shekaru yana kai rahotonta. Abin ya yi mata ciwo, amma ita ta zaɓi ta buɗe, kuma ita ta fara sani. Har tsohon shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl, wanda Stasi ta riƙa sauraron wayarsa, ya je kotu don hana a ba 'yan jarida abin da aka naɗa, kuma a 2002 kotu ta ba shi gaskiya, domin a wannan fayil shi aka yi wa leƙe. Ba wanda zai ce Jamus ta ɓoye tarihin Stasi. An san shi ciki da bai, ana koyar da shi a makarantu, tsohuwar hedikwatar ma ta zama gidan tarihi.

Abin da ya ba ni mamaki da na duba namu dokokin shi ne, a kan takarda ba mu yi nisa da wannan ba. Dokar 1992 ɗin nan da ta sa shekara 25 ita ce kuma ta ce takardun da suka shafi rayuwar mutum ta sirri ba a nuna wa jama'a sai da rubutaccen izininsa ko na magadansa, in an san su. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatu kwana 7 su amsa wa mai nema, amma sashenta na 14 ya keɓe bayanan marasa lafiya, da ɗalibai, da fayil ɗin ma'aikata, da na masu biyan haraji, da sunan wanda ya tsegunta wa hukuma laifi, sai fa in maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba lafiyar mutum da ƙabilarsa da addininsa kariya ta musamman. Dokoki dai ga su nan. Abin da babu shi ne hannun da zai yi aikin. Shafe suna aiki ne na mutum mai haƙuri da ya iya Larabci da Ajami da Turancin Di'o, ya zauna ya karanta kowane layi, kuma sai an biya shi. In ba a ɗauki irin waɗannan ma'aikata ba, abu biyu ne ke faruwa, kuma dukansu ɓarna ne: ko a miƙa wa mai nema fayil ɗungurungum da sirrin bayin Allah a ciki, ko a hana shi ɗungurungum har da abin da ke tona asirin azzalumi. Na biyun ya fi wa manya daɗi, shi ya sa ya fi yawa.

Don haka rufewar da nake karewa tana da sharaɗi. A rubuta dalilinta da ranar ƙarewarta a bangon fayil, kuma wanda aka hana ya sami inda zai ɗaukaka ƙara. Kada ta taɓa rufe sunan jami'i a kan aikin da ya yi da sunan hukuma, ko Razdan ne, ko hakimi, ko kwamandan soja. Mai fayil da 'ya'yansa da jikokinsa kuwa ba a rufe musu ƙofa ko kaɗan. Mai bincike na gaskiya a bar shi ya karanta a cikin ɗaki, bayan ya sa hannu cewa ba zai fitar da suna ba, kuma in ya saɓa a hukunta shi.

Wani abokina masanin tarihi ya taɓa ce mini wannan ra'ayi nawa shi ke raya ƙyamar. A ganinsa, da za a baje komai kowa ya ga yawan manyan gidajen da suka fito daga tsatson kuyangi da sa-ɗaka, har da gidajen sarauta, da gorin asali ya mutu da kansa. Ya kawo misalin baƙaƙen Amurka, waɗanda ke tururuwar duba ƙidayar 1870, ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, kuma in mutum ya gano kakansa sai ya yi alfahari. Na yarda da rabin maganarsa. Gorin asali jahilci ne, addini bai yarda da shi ba, kuma ya kamata a yaƙe shi a mumbari da aji. Amma a can, jikan bawa ne ke neman sunan da kansa, yana ɗaga shi da hannunsa. A nan wani ne zai nemo ya jefe shi da shi. Gidan sarauta yana da kauri, gori ba ya huda shi. 'Yar mai shago ce za a fasa aurenta. Ban ga inda na sami ikon zaɓar yarinyar da za ta biya kuɗin wayar wa al'umma kai ba. Tarihin bauta kuma ana iya rubuta shi cikakke, da yawan mutanen, da garuruwan da aka kamo su, da farashinsu, da sunayen sarakunan da suka kai harin, ba tare da an nuna ƙofar gidan kowa ba. Takardun nan da yawansu sun haura shekara 100, na sani, kuma ba na cewa a kulle su har abada. A bar su a karanta a ɗaki. Abin da nake ƙi shi ne a zuba su a intanet da sunaye yayin da kalmar "bawa" ke yanka har yanzu.

'Yan matan mai shagon nan duk sun yi aure tuni, na halarci ɗaurin auren ƙaramar. Har yau ban faɗa masa abin da na gani ba, kuma na sha tambayar kaina ko na kyauta, domin labarin kakarsa ne, kuma a ciki akwai abin alfahari: mace ce da ta tsaya gaban alƙali ita kaɗai aka ci mata mutunci, ba ta janye ƙararta ba, kuma a ƙarshen shafin alƙali ya raba auren ya tabbatar wa ɗan da ubansa. Lambar littafin da ta shafin suna nan a tsohon kundina. In wata rana ya tambaye ni ko na taɓa cin karo da wani abu a kan gidansu, su zan rubuta masa a takarda, ya je ya karanta da kansa.